Kujerar Shugaban Gidan Waya: Tarihinta da Albashinta

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma da yawa sun san mai sunan ya taɓa riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon. Abin da ya fara ɓacewa a zukatan mutane shi ne, kafin lafiya, sadarwa aka fara ba shi. Daga 1967 zuwa 1971, wato har da dukan shekarun yaƙin basasa, Malam Aminu ne kwamishinan sadarwa na tarayya, gidan waya kuwa a ƙarƙashinsa yake. Joseph Tarka ya gaje shi. Da Tarka ya sauka a 1974 sai ma'aikatar ta sake dawowa hannun Bakano, Birgediya Murtala Muhammad, wanda daga kan wannan kujera ya zama shugaban ƙasa a watan Yulin 1975. A wancan zamani ba a damƙa wa ƙaramin mutum harkar wasiƙa da waya. Su ne na sama. A ƙarƙashinsu akwai ma'aikacin da ke tafiyar da gidan wayar yau da gobe, wanda a yanzu ake kira Fosmasta-Janar. Tarihin kujerarsa nake so mu bi, da abin da ake biyansa, domin yadda ƙasa ke biyan mai aiki yana nuna yadda ta ɗauki aikin.

Kujerar ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A daular Musulunci ana danganta kafa barid ga Mu'awiya ɗan Abu Sufyan: zango-zango ne a kan manyan hanyoyi, inda manzo zai sauya dabba ya ci gaba da tafiya da saƙon halifa. A zamanin Abbasiyawa mai riƙe da wannan aiki ya zama idon halifa da kunnensa. Ban da kai wasiƙa, shi ke rubuto wa Bagadaza halin da gwamna ke ciki, da yadda alƙali ke shari'a, da farashin hatsi a kasuwa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Mansur yana lissafa shi cikin mutum huɗu da mulki ba ya tsayuwa sai da su, tare da alƙali da shugaban 'yan doka da mai karɓar haraji. Ibn Khurradadhbih, wanda ya riƙe muƙamin a yankin Jibal a ƙarni na 9, da sanin hanyoyin da aikin ya ba shi ya rubuta littafinsa Al-Masalik wal-Mamalik. Sai dai wannan gidan wayar sarki ne. Talaka mai saƙo sai ya jira ayari.

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Da wasiƙa aka tafiyar da Daular Usmaniyya kusan shekara ɗari. Wazirin Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas a fadar Sarkin Musulmi, kuma ta hannunsa takardu ke shiga suna fita, da Larabci, da hatimi a kansu. Da Turawa suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, har H. F. Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927. Manzon da ke ɗaukar su ba shi da albashin wata. Ladansa masauki ne da akushi a duk garin da ya sauka, da tukwici, wani lokaci riga ko doki idan ya kawo albishir. Fataken Kano da Larabawan Gadamas kuwa, raƙumi ne ke kai musu takarda Tarabulus, amsa ta dawo bayan watanni.

Gidan wayar da kowa zai iya shiga da kwabonsa, wannan daga Ingila ya zo. A 1840 Rowland Hill ya shawo kan gwamnatinsu ta karɓi wata dabara mai sauƙi: mai aikawa ya biya kuɗi kaɗan, iri ɗaya ko ina wasiƙar za ta je a cikin ƙasa, a manna kan sarki a matsayin shaida. A 1852 aka buɗe gidan waya na farko a Legas a matsayin reshen na Landan, Legas ta sami kan sarkinta a 1874, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a Bern. Kamfanin Royal Niger ya buɗe nasa a bakin Kwara, har ya iso Lokoja a 1899. Da Lugga ya ayyana mulkin Arewa ranar 1 ga Janairun 1900, Arewa ta sami sashenta na gidan waya da kan sarkinta. Bayan cin Kano a watan Fabrairun 1903, masinjoji ne ke ɗauko buhunan wasiƙa a ka daga Zungeru, su biyo ta Zariya, su iso Kano a ƙasa. Sunayensu ba su shiga littafi ba, amma ƙafafunsu ne farkon gidan waya a wannan gari. Jirgin ƙasa ya karɓe su da dogo ya iso Kano a 1911, shi ya sa babban gidan waya yake dab da tashar jirgi har yau. A 1914 aka haɗe sassan Kudu da Arewa ƙarƙashin shugaba ɗaya a Legas. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara sauka Kano daga Khartum, wasiƙar Ingila ta koma zuwa cikin kwanaki, kuma ta Kano take shigowa kafin ta ga Legas.

Yadda Turawa suka tsara biyan ma'aikata a nan shi ne tushen abin da muke fama da shi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Shugaban sashen da manyan mataimakansa Turawa ne. Akawunan da ke bayan kanta da masu buga tangaraho yawancinsu mutanen Legas ne da Saliyo da Gwalkwas, mazauna Sabon Gari. Ɗan ƙasa masinja ne ko mai gyaran turakun waya. Baturen yana da albashinsa a takarda, amma abin da ya sa aikin ya yi masa daɗi ba a cikin albashin yake ba. Akwai gida a Nasarawa, da kuɗin mota, da kuɗin jirgin zuwa hutu Ingila, daga baya kuma hukumar Harragin ta 1946 ta raba ma'aikata gida biyu, manya da ƙanana, ta ƙara wa Bature kuɗin zaman baƙunta. Na ƙasa kuwa sai da suka shiga babban yajin aikin 1945, tare da ma'aikatan jirgin ƙasa, suka yi kwana 44 suna neman ƙarin tsadar rayuwa. Da 'yan ƙasa suka hau kujerun Turawa sun gaji tsarin yadda yake: albashi matsakaici a fili, alawus mai kauri a gefe.

Lokacin da aka sami mulkin kai a 1960 Najeriya na da manyan gidajen waya 176, da ƙananan wakilai kusan 1,000 a garuruwa da ƙauyuka, ta kuma shiga ƙungiyar duniya da sunanta a 1961. Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne ganiyar gidan waya, kuma a cikinsu ne birnin Kano ya cim ma ƙauyukan da ke kudu da ganuwa, irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwar Gano da Darmanawa. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san marubucin wasiƙa da ke zaune a ƙofar gidan waya da ɗan teburinsa da biro da ambulan. Dattijuwa za ta durƙusa kusa da shi ta rage murya, ta faɗi gaisuwa tun daga maigida har jaririn goye, sannan a ƙarshe ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya karanta mata, ta ce a ƙara kaza, ya liƙe, ya manna kan sarki. Akwatin gidan waya guda ɗaya yakan ɗauki unguwa sukutum: malamin makaranta ko wani ɗan kasuwa ne ke da makulli, kowa ya rubuta sunansa ta hannun wane, da yamma a raba wasiƙu a ƙofar masallaci. Ta nan takardar samun makaranta ke zuwa, da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da kuɗin da ɗa ya aiko daga Legas ta fasa-oda. Ta nan katin zaɓi-sonka ke tafiya Rediyon Kaduna, wasiƙun masu sauraro su tafi Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957. Har asusun ajiya gidan waya ke da shi, mutanen da ba su taɓa taka banki ba suna kai sulallansu.

Duk wannan lokaci shugaban aikin darekta ne a cikin ma'aikata, ana biyansa yadda ake biyan sa'o'insa. Da hukumar Udoji ta jera ma'aikatan gwamnati a matakai 17 a 1974, a wannan tsani ya sami gurbinsa. Sauyi ya zo ranar 1 ga Janairun 1985, a mulkin Janar Muhammadu Buhari, da aka raba tsohon sashen wasiƙa da tarho, wato P&T, gida biyu. Ɓangaren tarho ya haɗu da kamfanin wayar ƙasashen waje suka zama NITEL, ɓangaren wasiƙa ya zama NIPOST. Doka ta 18 ta 1987 ta ba ta 'yar cin gashin kai, doka ta 41 ta 1992 ta mayar da ita cikakkiyar hukuma mai Fosmasta-Janar da shugaban ƙasa ke naɗawa. Rabon bai zo daidai ba. Tarho ne mai kawo kuɗi, ya tafi da kuɗinsa, aka bar wa wasiƙa gine-gine da ma'aikata da nauyin kai saƙo kowane lungu ko da riba ko babu. Kafin shekarun 1990 su ƙare, wasiƙa na yin makonni a hanya, ana farke ambulan, 'yan damfara sun ɓata sunan wasiƙar Najeriya a duniya, mutane sun koma ba direba saƙo.

A wannan hali Alhaji Abubakar Musa Argungu ya karɓi kujerar a farkon mulkin Obasanjo. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya har yau da sunansa suke buɗe hira idan ana maganar wanda ya gyara: ya matsa a daina kwantar da wasiƙu, ya bi masu farke ambulan, ya dawo wa hukumar da mutuncinta a idon takwarorinta na waje. Ya yi haka ne a daidai lokacin da wayar hannu ta shigo, a watan Agustan 2001, ta fara cinye wasiƙar gaisuwa. Ajali ya same shi a bakin aiki ranar 22 ga Oktoban 2005, cikin mutum 117 da suka rasu a haɗarin jirgin Bellview a ƙauyen Lisa na jihar Ogun. Allah ya ji ƙansa. Malam Ibrahim Mori Baba ya biyo baya ya riƙe har zuwa 2015. Daga nan kujerar ta daina ɗumi. Barista Bisi Adegbuyi ya zo a 2016, aka cire shi a Disambar 2019. Dokta Ismail Adewusi, tsohon kwamishinan kuɗi na jihar Legas, ya zo ya tafi a 2022. Sunday Adepoju, tsohon ɗan majalisar wakilai, shekara guda ya yi. A Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya naɗa Tola Odeyemi, mace ta farko a kan kujerar. Mutum huɗu ke nan cikin shekara bakwai, uku daga cikinsu daga fagen siyasa suka fito. Babu hukumar da za ta miƙe idan kowane shugaba bai gama sanin ƙofofin ofis ba za a ce ya tattara.

To, nawa ake biyan mai kujerar? Ma'aunin da doka ta ajiye wa manyan masu riƙe da muƙaman tarayya shi ne dokar albashi da alawus da aka yi wa gyara a 2008. A cikinta gundarin albashin shugaban ƙasa naira 3,514,705 ne a shekara, na minista naira 2,026,400, na sahun manyan sakatarori da shugabannin hukumomin gwamnati kuwa naira 1,925,865. Idan ka raba wannan na ƙarshe gida goma sha biyu, kimanin naira 160,000 ke nan a wata. A shekarar da aka yi dokar mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500 ne, wato shugaba ya ninka masinjansa sau ashirin da ɗoriya. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, gundarin na shugaba bai motsa ba, ninki biyu da 'yan kai ya rage a tsakaninsu. Da dala ma haka: abin da ya kai dala 16,000 a 2008, yau bai kai 1,500 ba.

Amma wanda ya tsaya a gundarin albashi bai ga komai ba, don gadon Turawa yana nan. Bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da gida da mota da barori zuwa tsabar kuɗi a 2003, alawus ya zama shi ne albashin gaskiya. A lissafin minista, kuɗin gida shi kaɗai ninki biyu ne na gundarin albashi, man mota da gyaranta kashi 75 cikin ɗari, masu hidimar gida 75, karɓar baƙi 45, wuta da ruwa 30, har jarida na da kashi 15. Akwai kuɗin kayan ɗaki ninki uku sau ɗaya a shekara huɗu, da kuɗin sallama ninki uku idan an gama lafiya. Irin wannan jeri ne ke bin sahun da ke ƙasa da minista. Ga kuma guzurin tafiye-tafiye, wanda yawansa ya danganta da yawan tafiyar. Ko da an tara na wata-wata, shugaban hukumar rabon arzikin ƙasa, Mohammed Shehu, ya faɗa a 2025 cewa minista bai kai naira miliyan ɗaya a wata ba, alhali shugabannin wasu hukumomi masu tara kuɗin kansu sun ninka shi. Gidan waya ba ya cikin waɗannan masu maiƙon.

Wannan tsari ya cuci kowa. Ya cuci mai gaskiya, don ana ɗora masa hukuma mai ofisoshi a kowace jiha da dubban ma'aikata a kan kuɗin da manajan reshen banki zai raina. Ya buɗe wa maras gaskiya ƙofa, don idan albashin fili bai isa ba, ido yakan koma kan kwangila da filayen hukuma, gidan waya kuwa yana da filaye a tsakiyar kowane babban gari. Ya kuma cuci mai biyan haraji, wanda ba ya iya buɗe takarda guda ya ga jimillar abin da shugaban ya karɓa a shekara.

Wasu ƙasashen sun bi ta wannan hanya sun fita. A Amurka, Benjamin Franklin ne aka fara naɗawa a 1775 a kan dala 1,000 a shekara. Daga 1829 kujerar ta shiga majalisar ministoci, ta zama wurin saka wa 'yan jam'iyya, sai a 1971 aka cire ta daga nan aka miƙa naɗin ga hukumar gudanarwa. Yau mai kujerar na karɓar sama da dala 300,000 a shekara, kuma ana buga adadin a rahoton shekara kowa ya gani. A Ostareliya hukumar gidan waya ta so ɓoye albashin shugabanta Ahmed Fahour, majalisar dattawa ta ƙi, aka bayyana a watan Fabrairun 2017 cewa ya karɓi dalar ƙasar miliyan 5.6 a shekara guda. Firaminista ya ce ya yi yawa, kafin watan ya ƙare mutumin ya sanar da ajiye aiki. Shi kuwa Rowland Hill, da ya yi ritaya a 1864, majalisar Ingila ta ba shi kyautar fam 20,000 ta kuma bar masa albashinsa na fam 2,000 har ƙarshen ransa, saboda kowa ya ga abin da ya yi da idonsa. A duka ukun jama'a sun san adadin, sun kuma san aikin da za su auna shi da shi.

Mu a nan, shekarun baya-bayan nan sun tafi ne a neman kuɗin shiga. An yi ta ja-in-ja tsakanin NIPOST da hukumar tara haraji ta FIRS a kan naira 50 da ake cira a hada-hadar banki da sunan harajin kan sarki, har rigimar ta fito fili a 2020, kuɗin kuma ya kuɓuce wa gidan waya. A watan Yulin 2020 NIPOST ta fitar da sabon kuɗin lasisin masu kai saƙo, daga naira 250,000 ga ƙananan masu babura har miliyan 20 ga kamfanonin ƙasa da ƙasa, jama'a suka yi ca, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce a dakatar. Hukumar ita ce mai gasa da waɗannan kamfanoni, ita ce kuma mai ba su lasisi, kamar a ce mai sayar da hatsi shi ke riƙe da mudun kasuwa.

Alhali saƙo bai taɓa yawa kamar yau ba. Je ka tashar Unguwa Uku da sassafe ka ga kwalaye da ƙunshin atamfa da turare da kilishi, an rubuta lambar waya da alƙalami mai kauri a jikin kowanne, ana cinikin kuɗin kaiwa da ɗan kamasho, babu rasit, babu wanda za a kama idan kaya ya ɓata sai amana. Matan aure a Unguwar Gano da Daurawa suna sayar da kaya ta WhatsApp zuwa Abuja da Fatakwal daga cikin ɗakunansu. Wasiƙar gaisuwa ce ta mutu, fasal kuwa yanzu ya fara rayuwa. Abin da ya hana gidan waya cin wannan kasuwa shi ne abin da Turawa ba su yi ba, mu ma ba mu yi ba: adireshi. Kano na da lambar gidan waya mai farawa da 700, manyan wurare na da jakarsu, Jami'ar Bayero na da P.M.B. 3011. Amma mai gida a lungu har yau kwatance yake yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, in ka zo ka kira ni. Wannan rashi ba saƙo kaɗai yake hanawa ba. Shi ke sa banki ya wahalar da mai buɗe asusu, motar kashe gobara ta yi ta zagaye, mai bin bashi da mai kai sammaci su rasa ƙofa.

Don haka ba na cikin masu cewa a rage wa shugaban gidan waya albashi. A biya shi abin da zai sa ƙwararre ya bar kamfani ya zo, a haɗe gundari da alawus su zama adadi ɗaya, a buga shi duk shekara tare da kwana nawa fasal ke yi daga Kano zuwa Legas da gida nawa aka ba lamba, a kuma bar shi ya cika wa'adinsa idan alƙaluman sun yi kyau. Kowace shekara shugaban hukumar na zuwa gaban majalisa kare kasafin kuɗinsa. Tarauni na da ɗan majalisar wakilai nata, Kano ta Tsakiya na da sanata. Mutanen Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi su nemi wakilan nan su yi masa tambaya biyu a bainar jama'a: nawa aka biya ka bara, gida nawa kuma ka ba adireshi a Kano?